Mastas da PhD a ilimin sel da ƙwayoyin gado: me ake yi a ciki, kuma hannun wa ke yin aikin?

Duk shekara jami'o'inmu na yaye ɗimbin ɗalibai a bayokemistiri da maikurobayoloji da bayoloji, kuma da yawansu da sun gama bautar ƙasa sai ka ji suna cewa za su koma mastas "a molekula". In ka tambayi mutum me zai je yi can, sai ya ce karatu mana. To daga nan ake fara samun matsala, don digiri na biyu da na uku a wannan fannin ba irin karatun da muka saba ba ne, na a shiga aji a kwafi darasi a haddace a zauna jarabawa a fita. Aikin hannu ne a kan benci, wato teburin ɗakin gwaji, shekara da shekaru, a gaban wanda ya riga ka iyawa. Kuma binciken da jami'a ke alfahari da shi da horon da take ba ɗaliban nan abu ɗaya ne, ba a raba su, don mafi yawan lokaci hannun ɗalibi ne ke riƙe da kayan aikin.

Bari mu ɗan share fage tukuna. Jikin mutum ya ƙunshi sel sama da tiriliyan 30, ƙananan halittun da ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin kowane ɗaya, in ban da irin su jajayen ƙwayoyin jini, akwai DNA, wanda in da za a miƙe shi zai kai wajen mita 2, an rubuta shi da harufa huɗu kacal, A da T da G da C, har guda biliyan 3. A cikinsa akwai ƙwayoyin gado kusan 20,000 da ke ba da umarnin yadda za a ƙera furotin. Sel zai kwafi umarnin zuwa RNA, daga RNA ya haɗa furotin, furotin ɗin kuma shi ne ma'aikacin, shi ke narkar da abinci, shi ke ɗaukar iska a jini, shi ke gane cuta. Tambayoyin fannin nan duka a nan suke yawo: wace ƙwayar gado ce a kunne, wacce ce a kashe, waye ya kashe ta, yaushe, kuma in abu ɗaya ya lalace me ke biyo baya.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne sikila, don da wuya ka samu dangin da abin bai taɓa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 masu ɗauke da cutar duk shekara a Najeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. A 1910 wani likita a Chicago, James Herrick, ya fara rubuta cewa ya ga jajayen ƙwayoyin jinin wani majinyaci sun lanƙwashe kamar lauje. Me ya lanƙwasa su, babu wanda ya sani har kusan shekara arba'in. Sai a 1949 aka fitar da takarda daga ɗakin binciken Linus Pauling a Caltech da ke Kalifoniya, aka nuna cewa himogulobin ɗin masu sikila, wato furotin ɗin da ke ɗaukar iska a jini, in an sa shi a wutar lantarki tafiyarsa daban take da ta mai lafiya. Sunan Pauling duniya ta riƙe, amma wanda ya kwashe shekaru yana gwada wannan hanya da waccan har aka dace shi ne Harvey Itano, ɗalibin PhD ɗinsa. Kuma gwajin jinotayif ɗin nan da ake tura masu shirin aure su yi, a ce musu AA ko AS ko SS, a asibitoci da yawa har yau a kan wannan dabarar ake yin sa.

A 1956 zuwa 1957 Vernon Ingram a Kambirij ta Ingila ya gano ainihin inda ɓarnar take. Furotin kamar sarƙa yake, kuma sarƙar himogulobin da ake kira beta tana da ƙulli 146, kuma ƙulli na 6 ne kawai ya canza, inda ya kamata a samu ƙulli mai suna gulutamik sai aka samu wani mai suna balin. A DNA kuma harafi ɗaya ne tak, GAG ya koma GTG. Shi kenan fa. Wannan harafi ɗayan ne ke sa himogulobin ya manne da juna ya yi sanda-sanda in iska ta yi ƙaranci, ƙwayar jinin ta sandare ta toshe ƙananan jijiyoyi, yaro ya kwana yana ihu da ciwon ƙashi, kuma ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 tana aiki sai ta mutu a kwana 10 zuwa 20.

To ga inda abin ya fi burge ni. Tun 1948 wata likitar yara a Brooklyn, Janet Watson, ta lura cewa jariran da aka haifa da sikila ba sa fara ciwo sai sun yi wasu watanni, ta ce dalili shi ne har lokacin himogulobin ɗin da suka zo da shi daga ciki ne ke aiki, wanda ba ya lanƙwashewa, sai daga baya jiki ya kashe shi ya kunna na manya. Kowa ya ga mafita a nan, in za a iya sake kunna na jarirai ai an rage ciwon. Amma mene ne ke kashe shi? Shekara sittin ana nema. A 2007 da 2008 binciken da aka yi a kan DNA na dubban mutane ya nuna wata ƙwayar gado mai suna BCL11A, sai wani ɗalibi a ɗakin binciken Stuart Orkin a Boston, Vijay Sankaran, wanda ke haɗa karatun likita da PhD, ya ɗauki sel ɗin da ke zama jini ya rage musu BCL11A, himogulobin ɗin jarirai ya dawo. An buga wannan a 2008. A 2012 kuma Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna yadda za a yi amfani da wata dabara mai suna CRISPR, mai aiki kamar almakashi, a yanke DNA a daidai inda ake so, aikin da ya ba su Nobel a 2020, kuma in ka duba sunayen farko a takardar za ka ga Martin Jinek, mai neman ƙwarewa bayan PhD, da Krzysztof Chylinski, ɗalibi. Da aka haɗa waɗannan biyun aka samu maganin sikila mai suna Casgevy, wanda Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba: a ɗebi sel ɗin da ke haifar da jini daga jikin majinyaci, a yanke wurin da ke kunna BCL11A, a share ɓargonsa da magani mai ƙarfi, a mayar masa da gyararrun. Cikin mutum 31 da aka bibiya a gwajin, 29 sun yi aƙalla shekara guda ba su samu tashin ciwon ba. Kuɗin da aka sa masa a 2023 dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, za mu dawo kan wannan.

Ka ga kenan a manyan matakan nan akwai ɗalibi a tsaye a benci. Shugaban ɗaki shi ke nemo kuɗi, shi ke zaɓar tambaya, shi ke cewa wannan sakamakon ban yarda da shi ba a sake, amma zuba wannan a cikin wancan na ɗalibai ne da waɗanda ba su daɗe da gamawa ba.

Me ake nufi da benci? Ɗauki PCR, aikin da kusan kowa ke farawa da shi, hanyar da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983 ta ninka wani ɗan yanki na DNA har ya yi yawan da za a iya gani, kuma abin sha'awa takardar farko da aka yi amfani da ita a 1985 a kan gano sikila ce. Za ka shigo da safe ka cika ɗan bokiti da ƙanƙara, ka fito da 'yan kwalabe daga firiza ka jira su narke. Da fifet za ka yi aiki, wani abu mai kamar biro da ke zuƙo ruwa a ma'aunin maikurolita, wato ɗaya bisa dubu na mililita, ɗigon da in ka yi ƙifta ido ba ka san ya shiga ko bai shiga ba. Ka zuba ruwa, ka zuba sinadarin da ke daidaita tsamin ruwan, ka zuba harufan huɗu, ka zuba 'yan guntayen DNA biyu da za su nuna inda za a fara da inda za a tsaya, sai a ƙarshe enzayim, wato furotin ɗin da ke kwafin, mai suna Taq, wanda asalinsa daga wata ƙwayar bakteriya aka samo shi da ke rayuwa a ruwan zafin Yellowstone, shi ya sa wuta ba ta kashe shi. Ka raba a ƙananan bututu, kowanne ka sa masa DNA ɗin mutum ɗaya, ɗaya kuma ka sa masa ruwa zalla. Na'ura ta ɗauka, ta hau zafin digiri 95 ta raba igiyoyin DNA biyu, ta sauko wajen 55 zuwa 60 guntayen su kama, ta hau 72 a yi kwafi, haka sau 30 ko 35. Kafin ta gama ka dafa jel ka zuba ya daskare, ka ɗura kowane samfuri a raminsa hannunka na rawa, ka jona wuta, DNA ya yi ta rarrafe zuwa ɓangare ɗaya, ƙanana a gaba manya a baya. Sai ka kai ƙarƙashin fitila ka duba. Wata rana ka ga layuka tsaf. Wata rana wayam, ba komai, kuma babu mai gaya maka cikin abu goma wanne ne ya lalace. Wata rana kuma ga layuka ras sun fito har a bututun da ka sa wa ruwa zalla, wanda ke nufin wani DNA ya faɗa maka cikin kaya, duk na ranar sai kwandon shara komai kyansu. Wannan bututun ruwan, wallahi shi ne rabin ilimin. Ɗalibin da ya koyi ƙin yarda da sakamakon da ransa ke so saboda bututun ruwa ya nuna layi, ya fara zama mai bincike.

Kiwon sel kuma wani babi ne. Ana ajiye su a ɗumin jiki, 37, da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari, a cikin wani ruwa ja-ja da ke komawa ɗorawa in sun cinye abincin ko ƙwayar cuta ta shiga. Duk kwana biyu ko uku sai an canza musu ko an rage su, ba ruwansu da Asabar ko Lahadi ko hutun sallah. Abin ya fi kama da yaron da aka kai gareji koyon kanikanci: da farko miƙo sifana ne da wanke kaya da kallo, sannan a bar shi ya kwance, sannan ya ɗaura, har ranar da zai ji ƙarar inji ya faɗi abin da ke damunsa kafin oga ya yi magana. Ba a koyon wannan a littafi, kuma in garejin ba mota ke shigowa ba, ko shekara goma yaro ya yi ba zai iya ba.

Tsarin horon ya danganta da ƙasa. A Amurka yawanci daga digiri na farko ake shiga PhD kai tsaye, a yi shekara 5 zuwa 6. Shekarar farko akwai 'yan darussa, amma babban abin shi ne zagaye, ɗalibi zai zauna a ɗakunan bincike kamar uku, kowanne wata biyu ko uku, ya ga aikin, ya ga halin mai ɗakin, su ma su gan shi, sannan a zaɓi juna. Ni a ganina wannan na cikin mafi hikimar abin da suke yi, don mutumin da za ka yi shekara biyar a ƙarƙashinsa bai kamata a ce a allon sanarwa ka fara ganin an haɗa ka da shi ba. Wajen ƙarshen shekara ta biyu akwai jarabawar cancanta, ka rubuta abin da kake son bincikawa ka tsaya gaban farfesoshi su yi ta jefo maka tambaya har sai sun kai inda iliminka ya ƙare. Daga nan sai benci, da taron ɗaki duk mako inda kowa ke nuna abin da ya samu har da wanda ya ƙi yi, da zaman da ake ɗauko takardar wasu a feɗe ta hoto bayan hoto. A Turai kuma an fi son ka zo da mastas, PhD ɗin shekara 3 zuwa 4, kuma sau da yawa aikin an riga an tsara shi an tallata kamar gurbin aiki, a Jamus ma da yawa kwantiragin ma'aikaci ake ba su. Bayan an gama, mai son ya buɗe nasa ɗakin sai ya ƙara wasu shekaru a ɗakin wani.

Maganar kuɗi kuma ita ce ƙashin bayan komai. A manyan shirye-shiryen Amurka ɗalibin PhD a wannan fannin ba ya biyan kuɗin makaranta, shi ake biya alawus, don aiki yake yi. Kuɗin na fitowa ne daga tallafin da shugaban ɗaki ya yi takara ya ciwo, galibi daga hukumar binciken lafiya ta ƙasar, NIH, da kasafinta ya haura dala biliyan 45 a shekara, tallafin shekara 4 ko 5, in ya ƙare ba a ga takardu ba da wuya a sabunta. Wannan yana da nasa illar, matsin lamba ya yi yawa, wasu masu ɗakin na mayar da ɗalibai kamar leburori, kuma ana yaye masu PhD fiye da kujerun farfesa da ake da su nesa ba kusa ba, shi ya sa da yawa ke tafiya kamfanonin magani. Amma dai ɗalibi ba ya cire kuɗin aljihunsa ya sayi enzayim.

A gida kuwa nan ne zuciya ke ɓaci. A sassa da yawa ɗalibi ne ke biyan kuɗin makaranta, shi ne kuma ke sayen kayan gwaji, kayan da da dala ake shigo da su kuma dole su iso a sanyi, in sun yi mako a tashar jirgi ana jiran takarda sun tashi aiki. Akwai firizar da ke riƙe samfuri a 80 ƙasa da sifiri, in wuta ta ɗauke ba janareto ba sola, aikin shekara biyu na iya narkewa a dare ɗaya. Ga yajin aiki, na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, sel kuma ba sa jira. To me ɗalibi zai yi? Sai ya rage aikin daidai aljihunsa, ya tara samfuri kaɗan, ya kai ɗakin gwajin 'yan kasuwa ya biya, a turo masa hoton jel da jerin harufa ta imel, ya manna a babi na huɗu ya kare a gaban malamai a tafa masa. Ban ga laifin ɗalibin ba ko kaɗan, amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, an ba shi takardar shaidar sana'ar da bai taɓa riƙe kayanta ba, kuma gobe shi zai koyar da wasu. Wannan ya fi rashin na'ura ciwo, don na'ura ana iya saya a shekara ɗaya, hannu kuwa sai an gina.

Kuma ba wai ba za a iya ba ne a nan, an yi an gani. Marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok a Zariya ya yi aikinsa, a Jami'ar Ahmadu Bello, a kan ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa mai jawo sammore a shanu da ciwon barci a mutane, musamman enzayim ɗin da take amfani da shi ta lalata jajayen ƙwayoyin jini. Ya ci kyautar kimiyya ta NLNG a 2009, ya rasu a 2017, ya bar ɗalibai da yawa da ke riƙe da nasu ɗakunan yanzu. A 2014 Bankin Duniya ya fara tallafa wa cibiyoyin ƙwarewa a jami'o'in Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, a ciki akwai ta cututtukan da aka yi watsi da su a Zariya, da WACCBIP a Jami'ar Ghana da ke Legon, da aka kafa ƙarƙashin Farfesa Gordon Awandare, wadda ke ba da mastas da PhD a ilimin sel na cututtuka masu yaɗuwa kuma tana ɗaukar ɗalibai daga ƙasashen yankin, da ACEGID ta Farfesa Christian Happi a Jami'ar Redeemer's da ke Ede, wadda ta taka rawa wajen tabbatar da Ebola a Legas a 2014, kuma a Maris ɗin 2020 ita ta fara karanta jerin harufan ƙwayar korona a nahiyar. A Damaturu ma an buɗe BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe a 2021 bisa jagorancin Dakta Mahmoud Bukar Maina, da manyan madubai na zamani da horon hannu ga matasa. Abin da ya haɗa wuraren nan ba gini ba ne, mutum ne mai tambaya a ransa wanda ya iya nemo kuɗi ya kuma tsaya a kan ɗalibai.

Tambayoyin kuma ga su nan a ƙofar gida. Me ya sa yara biyu duka SS, wani kullum yana asibiti wani sai ya shekara lafiya? An san yawan himogulobin ɗin jarirai da ya rage a jiki na cikin dalilai, an kuma san gadon sikila nau'i-nau'i ne, nau'in Senegal da na Larabawa da Indiya sun fi sauƙi a kan nau'in Benin da ya fi yawa a Najeriya, amma wannan bai gama bayani ba. A manyan binciken DNA na duniya, mutanen da asalinsu Afirka ne ba su kai kashi 3 cikin ɗari na waɗanda aka duba ba, alhali a nan bambancin gado ya fi yawa. Aikin da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya yi da Jami'ar Vanderbilt a kan kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki da maganin haidiroksiyuriya ya nuna ana iya yin bincike mai nauyi a Kano duniya ta saurara. Maganin dala miliyan 2.2 mai buƙatar share ɓargo da makonni a asibiti ba zai kai ga yaran da ake haifa a Gusau ko Maraɗi ba, sai an samo hanya mai araha ta kunna wancan himogulobin, ƙwaya ce ko allura, kuma ina so ƙwarai a ce cikin masu nemanta akwai waɗanda suka tashi suna jinyar ƙannensu.

Don haka ƙanina ko ƙanwata da ke shirin cike fom, sunan jami'a kada ya ruɗe ka, ɗaki za ka shiga ba jami'a ba. Nemi takardun da malamin ya buga a shekara biyar da suka wuce ka karanta ko da uku, ka duba sunan wa ke farko, in ɗalibansa ne alama ce mai kyau. Tambaye shi kai tsaye, cikin ladabi, Malam akwai tallafin da ke ɗaukar kayan gwajin ko ni zan saya, kuma a ina za a yi aikin, da hannuna ko aikawa za a yi. In kana neman waje, wata shida da ka yi kana taimako a ɗaki na gaske da wasiƙar wanda ya ga aikinka sun fi dogon jerin satifiket na intanet nauyi, kuma ka fara koyon lissafin bayanai da kwamfuta tun yanzu, R ko Python, don jerin harufan da na'urori ke fitarwa sun fi ƙarfin ido. Sannan ka je da ƙafarka ka ga ɗakin, ka duba ko firizar na da sola ko inbata, ka samu ɗaliban da ke ciki lokacin da malam ba ya nan ka tambaye su shekara nawa waɗanda suka gabace su suka yi kafin su gama, da kuma inda suke yanzu.